Kwandon da Ba a Faɗa wa Sunansa Ba

A shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta aka kai ni wurin Kaka, ina ɗan shekara bakwai. Sana'arta saƙar kaba. Bayan tuwon magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta jiƙa kaba a ƙwarya, mu jikoki mu kewaye ta. Kafin ta fara kowace saƙa sai ta faɗi sunan saƙar da ƙarfi: idon zakara, ko bayan kifi, ko wani.

"Kaka, kaba tana da kunne ne?" in ji yayata Talatu.

"Matso ki ji, uwar tambaya."

Wai wata mata ce mai gaggawa ta saƙa kwando ba ta kira sunan saƙar ba. Kwandon ya tashi ba suna, sai ya shiga cin na wasu. Ta zuba gero. Geron yana nan, amma duk garin aka rasa mai tuna abin da ake ce masa. Ta ajiye wuƙa, haka. Ran nan tana sauri za ta rafi, sai ta kwantar da jaririnta a ciki.

"Ta dawo ta iske shi yana kuka," in ji Kaka. "Ta buɗe baki za ta kira shi."

Kaka ta buɗe nata bakin, ta bar shi a buɗe, ba sauti. Na damƙi zanen Talatu, ina ta maimaita sunana a zuci, Audu, Audu, kada ya suɓuce.

"Sai yaya, Kaka?"

"Sai me? Yana can yana kuka. Ku tashi, wuta ta ci ta ƙare."

Na yi kwanaki ina kauce wa duk wani kwando da ke gidan.

Yanzu a birnin Greensboro na Amurka nake, ina aikin sare itatuwa. Bara mun yi ta kayar da itacen da ake kira ash a unguwar Irving Park, saboda wani ɗan koren ƙwaro yana kashe su. Wata tsohuwa, Mama Lena, ta roƙi mu kai mata gungume ɗaya garin McLeansville, gidan 'yarta. 'Yar ƙabilar Passamaquoddy ce, 'yan asalin ƙasar, daga jihar Maine. Su bugun gungumen suke yi da bayan gatari har ya ɓare sala-sala, su tsaga, su kankare, su saƙa kwando.

Da muka kai mata, ta ɗaga ɓawon. Ƙarƙashinsa duk hanyoyin ƙwaro ne.

"Ya mutu, ɗana. Ba zai ɓare ba." Ta ce ma wannan itacen ɗan'uwan nasu ne kawai. Nasu na fadama sunansa wikp, kwandon kuwa posonut, kuma ƙwaron ya isa can ma. "Bugun yana da suna, tsagar tana da suna. In itacen ya ƙare, a kan me zan faɗa wa jikata su?"

Ina yaro na ɗauka kwandon ne abin tsoro. Ashe gaggawar ce, da mutum ya bar kiran abu har ya wayi gari bakinsa a buɗe, ba abin da ke fitowa.

Ranar ban tsaya ajin karatun manya da nake zuwa bayan aiki ba. Na ɗauki littafina da fensir na kira Talatu a waya.

"Kai Audu, wa ke saƙar kaba yanzu? Roba ta cika kasuwa."

"Yaya, ki dai faɗo sunayen saƙar Kaka, a hankali, ina rubutawa."

Mun fi awa. Ta rantse saƙar Kaka iri goma sha huɗu ce. Biyar muka tuno, biyu a ciki ma ba mu san kamanninsu ba. Tara sun tafi.