Turai da Sunan 'Yar Fari

A Sa'alaba, can kudancin Jidda, babu wanda bai san Turai mai gyaɗa ba. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki, kullum tana bakin layi da kaskonta da yashinta, tana suya tana korar awaki da zagi. 'Ya'yan Larabawa na ce mata Hajja, Hausawa na ce mata Inna Turai, kowa kuma ya shaide ta da abu guda: ba a taɓa jin ta ce Madina ba. A garin da ake cewa motar Madina, dabinon Madina, wane ya tafi Madina, ita sai dai ta ce birnin Manzo. Mutane suka ɗauka tsabar ladabi ne, har wani malami ya taɓa kafa misali da ita a wa'azi. Turai ta ji labari ta yi tsaki kawai, don ita ta san ba haka ba ne. Madina sunan 'yarta ta fari ne, ita kuwa 'yar mutanen da ce, waɗanda uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da za a sa mata wuƙa a wuya.

Tana amarya ta baro ƙauyensu na ƙasar Haɗeja, ita da mijinta Na'ibi da jaki guda, da niyyar hajji. A ƙasa suka taho. Inda guzuri ya ƙare nan za su yada zango su yi ƙodago, damina a Barno, rani a Wadai, shekaru a Sudan suna tsinkar auduga. A can aka haifi yarinyar, Na'ibi ya raɗa mata Madina don can zuciyarsa take. Turai ta goya ta, ta shayar da ita, ta yi mata kitso, amma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai dai "ke", sai "'yar nan", in ta yi ɓarna kuma "mai kunnen ƙashi". A gaban mutane ma yi take kamar ba ta damu da ita ba, alhali ko tari yarinyar ta yi sai gabanta ya faɗi.

Daga Sawakin suka shiga jirgin katako mai tafiya da iska, irin wanda ake kira sambuk. A tsakiyar teku iska ta ɗauke, ruwan sha ya yi ƙaranci, zazzaɓi ya kama yarinyar, lokacin ba ta daɗe da iya magana ba. Ta cika ana hango wasu 'yan tsibirai farare kusa da Jidda. Mai jirgi ya rantse ba zai shiga gari da gawa ba, don kada a tsare shi a karantina shi da mutanensa duka. Aka naɗe ta da zanen uwarta, maza suka yi mata salla, aka zura ta a ruwa. Turai ta kau da kai, ko hawaye ba ta bari an gani ba. Tsofaffin da ke cikin jirgin suka yi ta yaba mata, wai ga 'yar halak mai kara. Yabon nan ya fi komai ci mata rai har ta tsufa.

Suka sauke farali, maganar komawa gida kuma ta zama gobe, jibi, har ta bi ruwa. Na'ibi ya kama ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa benayen attajirai. Turai ta yi dakau a gidajen Larabawa Hadramawa har hannunta ya yi kanta, daga baya ta koma gyaɗa. Allah ya ba su ɗa namiji, Abdulghani, Na'ibi kuma ya rasu tun yaron bai yi wayo ba. Ita kaɗai ta rene shi, a garin da kifi ne abincin talaka, amma kifi bai taɓa shiga tukunyarta ba. In hanya ta bi da ita ta bakin teku sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Sai ga ikon Allah, ɗan nan nata ya tashi kamar kifi ne ya haife shi. Ta yi duka, ta yi faɗa, ta kai shi wajen tela ya gudu. Da ya girma sai ya zama matuƙin wani ƙaramin jirgi mai inji na wani Bahadrame. A shekarun da kamfanoni suka cika Jidda da Turawa, aikinsa ke nan duk Alhamis: ya kwashe su da kwandunan abincinsu zuwa tsibirai, su wuni suna iyo suna leƙen abin da ke ƙarƙashin ruwa, da la'asar ya dawo da su sun yi jawur.

Ranar da matarsa Sharifa ta haifi mace, ya zo ya tsuguna gaban kaskon gyaɗa. Ya san ya taɓa yin yaya, wadda aka zura a teku kusa da tsibirai, don wata maƙwabciya ta taɓa faɗa masa, amma ita ma ba ta san sunan ba.

"Inna, wallahi ba na son suna daga waje. Sunan yayata nake so in mayar."

"Sunaye sun ƙare a duniya ne? Ga Luba, ga Mastura."

"Ya Inna, Baba ya rasu, jama'ar da kuka zo tare kullu, dukansu sun watse. Allah ya ja kwananki, amma in babu ke, halas, shi ke nan, babu wanda zai san an taɓa yin ta."

"Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini ciniki."

Ya tashi. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji, don gaskiya ya faɗa. Yarinyar ba ta da kabari, ba ta da hoto, ba ta da kowa a duniya da ya san sunanta sai wannan bakin da ya ƙi buɗewa. Ga ranar suna tana matsowa. Turai ta gwada faɗa ita kaɗai a ɗaki, harshe ya yi mata nauyi kamar ba nata ba. Ranar Laraba da yamma ta aika aka kira shi.

"Gobe da ni za ka," ta ce.

"Ina, Inna?"

"Inda kake kai mahaukatan naka."

Da safe ta fito da zanen salla da ƙullin gyaɗa. Sai da ya cicciɓe ta ya sa a jirgi, ta runtse ido tana ta hailala, ta riƙe katakon gefe kamar za ta ɓalle shi. Turawan, maza da mata, suka matsa mata wuri. Abdulghani ya ce musu mahaifiyarsa ce, sunanta Turai, ya kuma gaya musu abin da sunan yake nufi, suka kwashe da dariya. Ita dai ba ta ga abin dariya ba. Tun da aka raɗa mata sunan ba ta taɓa zama kusa da Bature haka ba, abin da ta lura da shi kawai shi ne ba su da isassun tufafi.

Da jirgi ya yi nisa ta buɗe ido ɗaya. Jidda ta koma wani farin layi a baya. Ruwan ya tashi daga shuɗi mai duhu ya koma kore shar, tsuntsaye na bin su. Can sai ga tsibiran, farare fat, babu gida babu bishiya, sai 'yan ciyayi da tsuntsaye. Ta buɗe ɗayan idon.

"Wanne ne, Inna?" Abdulghani ya tambaya a hankali.

Ta duba wannan, ta duba wancan. A zuciyarta tsibiri guda ne ta riƙe duk shekarun nan, ga shi ta tarar da su da yawa, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Ban sani ba," ta ce. "Tsaya ko'ina. Ruwan ai ɗaya ne."

Ya kashe inji kusa da wani, ya jefa anga. Turawa suka ɗaura wasu takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, suka rufe fuska da gilashi, kowa ya cusa wani bututu a baki, suka faɗa ruwa. Da ta ga sun kifa ciki suna yawo a saman ruwa ba motsi, sai ta ƙwala salati.

"Abdulghani, sun mutu!"

"La, Inna, kallo suke yi. Ta bututun nan suke numfashi."

"Me ya faɗa musu a ciki?"

"Wala haja. Babu abin da ya ɓace musu. Kallo bas, kallo kawai."

Turai ta girgiza kai. Ita da nata ya faɗa ciki ta kasa ko ɗaga ido, ga waɗansu sun baro ƙasarsu sun zo leƙe don nishaɗi.

Wata Baturiya mai furfura ba ta shiga ruwa ba, ta zauna tana cin gyaɗar da Turai ta miƙa mata. Ta lura tsohuwar na satar kallon gefen jirgi, sai ta miƙa mata nata gilashin da bututun. Turai ta ture da bayan hannu. Abin da wani ya tsotsa ba zai shiga bakinta ba. Abdulghani ya yi dariya ya jawo wata garwa da aka yanke gindinta aka liƙa gilashi, wadda masunta ke leƙen kifi da ita. Ya danna gindin a ruwa, ya riƙe mata.

"Yalla, Inna. Ki sa fuska kawai. Ina riƙe da ke."

Ta daɗe tana kallon garwar. Abin da take tsoro ta san shi sarai. Duk rayuwarta, in ta tuna yarinyar, cikin rijiya take ganinta, wuri mai duhu da sanyi, ita kaɗai, yarinyar da ko fitsari ba ta fita yi sai an raka ta. Ta yi bisimilla ta sunkuya.

Babu duhu. Rana ta ratsa har ƙasa, tana wasa a kan farin yashi mai laushi kamar tsakar gidan da aka share. Ga wasu duwatsu sun yi rassa sun yi fure, ja da ruwan hoda da ruwan ƙwai. Ga kifaye ƙanana, masu zane-zane kamar atamfar salla, suna bin juna suna ɓuya suna fitowa, wani ma ya taso har gindin garwar ya tsaya yana kallonta. Turai ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance. Daɗi ta ji, da baƙin ciki, duka a lokaci guda, hawayenta suka riƙa ɗiga a kan gilashin har ta daina gani sosai.

Ana haka wani Bature ya ɗaga hannu daga nesa, igiyar ruwa ta ja shi ya gaji. Abdulghani ya damƙa wa Baturiyar garwar ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Jirgi ya rage daga Turai sai wannan matar da ba ta jin Hausa.

Turai ta ɗago ta share fuska. Ta dubi ɗanta ya yi nisa, kansa kawai ake gani. Ta motsa baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ya fito can ƙasa-ƙasa, a shaƙe. Sai ta ji haushin kanta. Haka ake kiran yaro? Ta dafa gefen jirgi ta miƙe a kan gwiwoyinta, ta buɗe murya irin ta uwar da ta sauke tuwo yara na waje suna wasa.

"Madina!"

Tsuntsayen tsibirin suka tashi. Tsohuwa ba ta san yadda ruwa ke ɗaukar murya ba. Abdulghani, da ke janye da Baturen, ya tsaya cak. Da farko ya ɗauka garin take nufi, sai ya tuna tun da aka haife shi bai taɓa jin kalmar a bakinta ba, nan take ya gane. Ya ƙaraso ya tura Baturen cikin jirgi, shi ma ya hau, ruwa na zuba daga jikinsa. Ya tsuguna kusa da ita kansa a ƙasa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na ji, Inna," ya ce.

Turai ba ta waiwayo ba. Idonta na kan ruwa.

"Ba da kai nake ba," ta ce. "Matsa can in ƙara. Ba ta taɓa ji daga bakina ba."