Amyoyin Gwaggo Ɗaure-tam

Duk wanda gwaggona ta taɓa ɗaure wa kaya ya san ƙullinta ba ya kwantuwa da hannu, sai da wuƙa. Bakin buhu ne, igiyar akuya ce, ko ɗankwalin kanta, in ta ja ta ƙulle, to magana ta ƙare. Shi ya sa duk ƙauyen ake ce mata Ɗaure-tam, kuma tana amsawa da fara'arta. Yayar babana ce, ta haura sittin, ga baki kamar reza.

Gonarta ce ta ƙarshe a ƙauyen. Daga kunyarta ta ƙarshe sai gandun daji. Masara take shukawa da kabewa, a tsakiya kuma ga mangwaron da marigayi mijinta ya dasa. Shekara uku a jere giwaye suna shigowa su yi mata kaca-kaca. Ta kaɗa garwa, ta yi hayaƙi, ta yi zagi har muryarta ta dushe, amma ina! Giwa ba ta san zagi ba.

A shekara ta uku Baba ya zo daga birni ya tsaya cikin karyayyun karare, ransa a ɓace. "Yaya," ya ce, "damina ɗaya na ba ki. In suka sake cinye gonar nan, da mota zan zo in ɗauke ki, ki koma wurinmu."

Ta dubi mangwaron ta ce, "Na ji." Na san alkawarinta ma irin ƙullinta ne.

Akwai wani ma'aikacin gandun daji da aikinsa shi ne zagaya ƙauyuka yana wayar wa mutane kai. Siriri ne kamar sillen kara, amma Malam Giwa ake kiransa, don ba ya jimla uku bai ambaci giwa ba. Duk mako biyu yakan iso a kan babur da naɗaɗɗun hotuna a baya, ya tara jama'a a inuwa: kar a ɗana tarko, kar a sa wa daji wuta, hanyar da giwaye ke bi zuwa ruwa ta girmi kakanninmu. Gwaggo ba ta fashin zuwa, amma tsiya take zuwa yi.

"Ɗan nan," takan ce, "in ka koma ka gaya wa 'yan uwanka masarata ta yi musu daɗi?"

Ran nan ya ce giwa na tsoron ƙudan zuma. Wuri ya kaure da dariya.

"Wannan ƙatuwar da ta fi ɗakina?" in ji Gwaggo.

"Ita fa, Inna. Cikin hanci suke harbinta, da gefen ido." Ya buɗe hoto ya nuna: a kafa dirkoki a bakin gona, a rataye amyoyi, wato gidajen zuma, a haɗa su da waya ɗaya. Giwa na taɓa wayar, amyoyin su girgiza, zuma ta fito. Ya tambayi wanda zai gwada. Maza suka shiga kallon takalmansu. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ina wurinta a daminar, na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa. Amya goma sha biyu aka rataya, kowacce da 'yar rumfar ciyawa a kanta. Kafin wata guda zuma ta shiga takwas. Sai wata rana aka yi iska, Gwaggo ta ga amyoyinta suna lilo. Ta riƙe haɓa.

"Aikin 'yan boko ke nan! Dubi abu yana reto kamar haƙorin tsohuwa."

Washegari da sassafe, zuma na lafe saboda sanyi, ta sa ragar fuskar da Malam ya bar mata, ta bi amyoyin ɗaya bayan ɗaya ta ɗaure su tam a jikin dirkoki, ta tokare kowacce da turke. Ba zan ɓoye ba, ni na riƙa miƙa mata igiya, har ina yaba kyan aikin.

Da Malam Giwa ya dawo ya gani, sai ya zauna daɓas a kan kunya ya dafe kai.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Ba sai ka gode ba."

"Ai lilon shi ne aikin! In ba su motsa ba, wa zai gaya wa zuma an yi baƙi?"

"Tunda uwata ta haife ni ban taɓa barin abu yana reto ba."

Bai yi musu da ita ba. Ya ce ta ja wayar. Ta ja, shiru kake ji. Ya je ya yi kokawa da ƙullinta har farcensa ya karye, ya haƙura ya sa wuƙa ya saki amya biyu. Ya ce ta sake ja, amma a hankali. Gwaggo ba ta san a hankali ba. Ta fizga da ƙarfinta duka.

Wayyo Allah! Ban taɓa sanin tsohuwar nan na da gudu ba. Ta wuce ni, ta wuce Malam, takalminta ɗaya ya yi gabas. A bayan mangwaro muka zube cikin ganyen kabewa muna haki. Zuma ɗaya ta same ta a kan hanci, nan take ya fara tasowa. Ta shafa, ta dube mu, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Kai! Ni mai ɗan wannan hanci na ji haka, ina ga mai hanci kamu biyar?"

Washegari da hannunta ta yanke sauran ƙulle-ƙullen, tana yi tana mita.

Masara ta yi goyo lokacin da giwayen suka zo. La'asar ce sakaliya, muna zaune gindin mangwaro, sai muka ji ƙarar karyewar itace. Su bakwai ne, wata tsohuwa mai yagaggen kunne a gaba. Gwaggo ta rarumi garwa da sanda, na riƙe mata hannu. Tsohuwar giwar ta matso, ƙirjinta ya taɓa wayar. Amyoyi suka yi lilo, iska ta cika da gunjin zuma. Ta girgiza kai, ta kaɗa kunnuwa, ta sa hanci ta tura wani ɗan ƙarami ƙarƙashin cikinta, ta juya. Sauran suka bi ta.

Gwaggo ta ajiye garwar a hankali. "Kin ga yadda ta tare ɗan?" ta ce da ni. "Ashe tsohuwa ce irina, yara take nema wa abinci. Allah ya ba ki a wani wurin, 'yar uwa." Sau biyu suka sake zuwa a daminar, sau biyu suna komawa.

Yanzu in Malam Giwa zai shiga ƙauyuka, Gwaggo ce a bayan babur, ta rungume hotuna. Shi ya yi bayani, ita ta miƙe ta ce, "Ku bar abu ya yi lilo. Ni na riga na yi muku wautar, ba sai kun maimaita ba." Mutanen da ba sa sauraron ma'aikaci, ita suna sauraronta.

A waccan daminar dai, ta hana ni gaya wa Baba komai. Da kaka ta yi sai ga shi da motar aro, fuska ba walwala, ya zo cika alkawari. Gwaggo ta tarbe shi. Ta sa aka loda buhunan masara a baya, kabewa a kujerun tsakiya har rufi, jarkokin zuma biyu a kujerar gaba. Ta zagaye kayan da igiya ta ɗaure tam. Sannan ta leƙa ta taga, ta dubi ƙanenta da ya saki baki, idonsa ya ciko.

"To, Auta," ta ce, "ga ni a shirye. Nuna min inda zan zauna."