Wayar Marigayi a Durowata

Ƙamshin kafur ne ya tayar mini da wannan zance. Jiya wata tsohuwa ta gifta ta gaban shagona, sai na ji kamar kakata ce ta dawo daga wankan gawa.

Kakar tawa ita ke wanke matan garinmu Fammar idan sun rasu. Ko ana tsuga ruwan damina, in aka yi sallama, za ta tsinko ganyen magarya a bayan gida, ta ƙulle a bakin zane ta fita. In ta dawo ba ta cewa uffan sai ta sha fura. Ni kuwa da shegen son jin ƙwaƙwaf, wata rana na tambaye ta ko gaskiya ne maƙwabciyarmu da ta rasu duk jikinta tabo ne. Ta murɗe mini kunne sai da na yi hawaye.

Ta ce, "Kai maigidana, abin da ido ya gani a jikin gawa, tare ake binne su."

Yau ni mai gyaran waya ne a Rano, kuma ka yarda da ni, babu abin da ba na gani. Na riƙe maganar kakata, har ina ganin na iya. Sai wata mata da ta fita takaba ta kawo mini wayar mijinta, gilashin ya fashe, tana son hotunansa saboda yara. Na gyara. Wajen gwaji na ci karo da takardun asibiti. Ashe shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda, har ya aika wa amininsa saƙo yana haɗa shi da Allah kada iyalinsa su sani.

Matar nan kuwa ta rantse ƙanen mijin ne ya yi masa sammu. Babu wanda bai ji ba. Bawan Allah ko masallacin unguwa ya daina zuwa.

In na miƙa mata wayar, na tona abin da mamaci ya rufe. In na goge, na bar mai rai cikin ƙazafi. Na tambayi limaminmu a fakaice, ya ce amana wajibi ce, wanke wanda aka zalunta ma wajibi ne. Ya bar ni inda ya same ni.

Mako uku ke nan wayar tana cikin durowa. Duk ranar kasuwa sai matar ta leƙo ta ce, "Malam, an dace?" In ce kayan ba su iso daga Kano ba. Wallahi kunyar kaina nake ji. Kakata shiru kawai aikinta ya nema daga gare ta. Ni ga shi har na fara ƙarya, kuma jibi ma kasuwa ce.