Mai Awo da Garkuwar Kawu Direba

Ranar Talata ɗaya a kowane mako biyu, Mai Awo takan tashi daga aiki ƙarfe huɗu daidai. Ta rataye farar rigarta a bayan ƙofar ɗakin gwajin ruwan sha, ta wanke hannu, ta kama hanyar gida ba tare da ta tsaya hira da kowa ba. Abokan aikinta sun daɗe da daina tambaya, sun ɗauka wani karatu take yi a ɓoye. Tana isa gida sai ta ɗora ruwan shayi, ta sauke kwandon wanki daga kan teburin da ke lungun falo, ta kunna kwamfuta, ta buɗe wani littafi mai bangon kwali, ta ja layi huɗu da rula. Daga nan sai ta shiga wasan.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, wasa ne na intanet da mutane ke haɗuwa biyar-biyar daga ko'ina, su shiga kogo su yaƙi dodo. Kowa da aikinsa. Mai garkuwa ya tsaya a gaba ya sha duka, mai warkarwa ya riƙa tashin waɗanda suka jikkata, masu baka da takobi su yi ta aiki daga gefe. In mai garkuwa ya faɗi, sauran ma sun faɗi ke nan. To, kamfanin da ya yi wasan yana da wata ɗabi'a: duk mako biyu sai ya taɓa ƙarfin makamai, ya rage wa wannan, ya ƙara wa wancan, wai don kada wani ya danne wani. Mu 'yan wasa ranar aski muke kiran wannan Talatar, don ba ka san kan wa za a yi wa ƙwal ba. Sai ka yi wata uku kana haɗa kayan yaƙi, ka kwana gwarzo, ka wayi gari kibiyarka ba ta huda ko bargo.

Ni mai wannan rubutu maharbi ne a ƙungiyarmu, kuma a ranar aski ba wanda ya kai ni baki. Sau bakwai ina rantsuwa na bar wasan, sau bakwai ina dawowa kafin Juma'a. Zauren hirarmu a irin ranar kamar tashar mota yake, kowa na ɗaga murya, ba mai jin wani. Mai Awo kaɗai ba a jin ɗuriyarta. Tana can filin horo na cikin wasan, inda aka kafa wani mutum-mutumi na ciyawa, tana dukansa. Kowane makami sara ɗari, ta rubuta abin da ya fito, ta sake, ta kuma sakewa, kamar yadda take yi wa kwalaben ruwa a wurin aiki. Kafin mu gaji da zage-zage ta aiko da hoton shafin littafinta, da rubutunta mai kama da jerin tururuwa. Shekara tara ke nan, kuma ba wanda ya sa ta.

Na daɗe ina mamakin abin da ke sa mace mai aiki da miji da 'ya'ya uku ta zauna tana dukan ciyawa sau ɗari uku. Wata rana na cire kunya na tambaye ta.

Ta ce, "Kamfani ya rubuta an rage kaɗan. To ni ban san nawa ne kaɗan ba. Kai ka sani?"

Ban sani ba, kuma a ranar na riga na yi awa biyu ina kumfar baki a kai. Da ta aiko da awon, sai ga shi kashi biyu cikin ɗari aka rage wa bakana. Wani lokacin kuma akasin haka ne: kowa ya yi shiru ana murna, ita ta gano an datse ƙarfin mai warkarwa kusan rabi ba tare da an faɗa ba. Ta aika wa kamfanin shafinta cikin ladabi, bayan kwana uku suka gyara, suka ce kuskure ne. Ba su ambace ta ba, ita ma ba ta ambaci kanta ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne maganar Kawu Direba.

Kawu ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, amma hannun hagu bai tashi tare da shi duka ba, yatsa biyu kawai ke jin magana. 'Yarsa ce ta haɗa masa wasan don likita ya ce a riƙa motsa hannun, sai ga shi dattijo ya kamu fiye da mu. Mai garkuwa ya zama, don aikin ya dace da shi: ka danne maɓalli ɗaya, ka riƙe, ka tsaya kamar bango. Duk Asabar da yamma sai 'yar ta turo masa kujera gaban allo, ta sa masa abin ji a kunne, mu shiga kogo. Ta taɓa gaya wa Mai Awo cewa duk mako wannan ne kaɗai lokacin da take jin dariyarsa daga kicin.

Sai aka yi wani aski da ya hau kan garkuwa. Kamfanin ya ce aikin ya yi sauƙi da yawa, daga yanzu ba riƙewa, sai ka danna daidai lokacin da dodo ya kawo duka. Ka makara da ƙiftawar ido, ka sha ƙasa. Asabar ɗin nan sau goma sha ɗaya muna shiga, sau goma sha ɗaya Kawu na faɗuwa, mu bi shi. Shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Gaggawa saboda bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya yi ta ƙoƙarin danne zuciyarsa har ya kasa.

Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma ko za ka ɗan huta mu nemo wani, kafin su sake gyarawa?"

Kawu ya ce, "Ba komai, ɗana. Mota ma in ta tsufa ajiye ta ake yi. Ku nemi mai hannu."

Ya faɗa da dariya, amma duk mun ji abin da ke ƙarƙashin dariyar. Ni dai kunya ce ta kama ni, don abin da Gaggawa ya faɗa a fili shi nake faɗa a zuci. Can sai muryar Mai Awo ta fito.

"A ba ni Asabar biyu. In ban samo komai ba, ni da kaina zan ce a canza."

Washegari ta kira 'yar Kawu, ta roƙe ta ta ɗauki hoton bidiyo na hannun mahaifinta a kan maɓallai. Ta zauna tana kallo tana maimaitawa, agogon waya a hannu, har ta gano cewa daga lokacin da idonsa ya ga duka zuwa lokacin da yatsan ya sauka, akwai rabin sakan da 'yan kai. Sai ta ɗauko bandeji a akwatin magani, ta naɗe yatsu uku na hannunta na hagu, ta ɗaure sauran biyun sako-sako yadda za su yi nauyi. A haka ta shiga awo. Hujjarta ita ce duk wanda ya gwada sabuwar garkuwar, har da mutanen kamfanin, da lafiyayyen hannu ya gwada, don haka awonsu bai shafi Kawu ba.

Ta gwada garkuwa goma sha huɗu a gaban mutum-mutumin nan, wanda ake iya sa shi ya rama duka. A ƙarshe ta tono wata tsohuwa ta katako da kowa ya watsar, wadda ke ba mutum ɗan ƙarin lokaci. Ta aiko da shafi, muka yi ta murna. Asabar ta zo, Kawu ya ɗauki garkuwar katako, dodo ya yi fata-fata da mu sau takwas.

A nan na ƙara ganin girmanta. Ba ta ɗora wa hannun Kawu laifi ba, ba ta ɗora wa kamfani ba. Ta rubuta a zaure, kowa na gani: "Laifina ne. Da mutum-mutumi na auna, shi kuwa dukansa a jere yake zuwa. Dodo ba ya bin jeri. Saura Asabar ɗaya."

Abin ya dame ta ƙwarai. Ta koma shiga kogon ita kaɗai bayan aiki, hannu a naɗe, tana barin dodo ya kashe ta don ta ga yadda yake ɗaga hannu. Ranar Alhamis maigidanta ya dawo ya same ta a haka, ya tsaya a bayanta da kofin shayi yana kallon ikon Allah.

Ya ce, "Wai ke wannan ƙaton naku bebe ne? Kullum sai buɗe baki yake, ban taɓa jin ya ce komai ba."

Ta ce, "Yana da murya mana. Kashewa muke yi, don mu ji juna."

Tana faɗa ta tsaya cak. Shekara tara tana awo, ba ta taɓa kunna sautin wasan ba ko sau ɗaya. Mu duka haka muke, daga ranar farko ake gaya wa sabon shiga ya kashe kiɗa da ƙara, saboda surutunmu ya fi muhimmanci. Ta murɗa lasifika. Dodon ya ja wani gurnani daga ƙirji, sannan ya ɗaga hannu, sannan duka ya sauka. Ta auna sau ɗari, ta sake, ta kuma. Gurnanin yana riga dukan da sakan ɗaya cur, ko ta wane gefe zai zo.

Ta kira Kawu a waya. "Kawu, lokacin da kake tuƙi, da ido kake sanin lokacin canza giya?"

Ya ce, "Haba 'yata, ido na kan titi. Inji ke gaya maka. Direban da sai ya duba agogo ai bai gama koyo ba."

"To ranar Asabar kada ka kalli hannun dodon. Saurare shi za ka yi."

Sharaɗi ɗaya ta gindaya mana, kuma shi ne mafi wuya: duk wanda ya yi magana a kogon ya fita. Ku yi tunanin Gaggawa ya yi minti goma sha biyu bakinsa a rufe. Matarsa ta ce leƙowa ta yi ta ga ko lafiya. Muka shiga shiru, ba ka jin komai sai takun dodo da ɗigar ruwan kogo, abubuwan da ban taɓa sanin suna cikin wasan ba. Gurnani ya zo, garkuwa ta tashi. Ya sake zuwa, ta sake tashi. Sau ɗaya Kawu ya makara, mai warkarwa ya ɗago shi, bai ƙara ba. Da dodon ya kife, ba wanda ya yi ihu, mun manta an ɗage doka. Muryar Kawu muka fara ji, a hankali, yana cewa, "Wannan injin nasa yana buƙatar gyara." Daga nesa muka jiyo 'yarsa tana dariya tana kuka a haɗe. Gaggawa ya nemi gafara a gaban kowa, Kawu ya ce shi bai riƙe shi da komai ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan aka huta ba. Bayan mako biyu aka sake aski, bayan wasu biyun aka kuma. Sau uku aka taɓa garkuwa a shekarar, sau uku Mai Awo ta naɗe yatsunta. Har yau Kawu ne a gabanmu.

Yanzu wuyan hannunta ya ce ya gaji. Likita ya hana ta yawan danne-danne, kuma a wurin aiki ma hannun take buƙata. Makon jiya ta sanar da mu cewa ta ajiye awo, za ta riƙa shigowa gaisuwa kawai. Littattafai goma sha ɗaya ta cika, suna jere a saman firij ɗinta.

Mai Awo, ke ce ma'aunin da ba ya duba fuska. Ke ce kika koya mana cewa fushi ma yana da kyau a san girmansa kafin a ɗauke shi. Lokacin da muke tsine wa mutanen da ba su san muna yi ba, ke kina neman hanyar da mutum ɗaya zai ci gaba da zama cikin mutane. Kin yi kuskure kin faɗa da bakinki, abin da ni har yau nake koyo. Na tambaye ki dalili sau da yawa ban gamsu ba, sai da na tambayi Kawu abin da zan rubuta a madadinsa. Ya ce:

"Ka rubuta cewa tun da na kwanta ciwo, kowa tambayata yake yaya jiki, in ce da sauƙi, a wuce. Ita kaɗai ta tambaye ni wane yatsa ne ke motsi."

Mun gode, Mai Awo. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya saka miki da abin da ba za mu iya ba. Ku kuma 'yan'uwana masu kumfar baki, aski na nan tafe ranar Talata, kuma a kowace ƙungiya akwai wanda zai yi shiru ya fara janye jiki don yana ganin ya zama kaya. Kafin ku ce a nemo wani, ku kira shi ku tambaye shi me yake iyawa, ku fara daga nan.