Lambar da Na Kife a Tukunya

Shekara bakwai ke nan da aka kai ɗana makwancinsa a Bungudu. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Sunansa kuwa kada ku jira daga bakina, ɗan fari ne.

Matuƙin jirgin soja ne, irin mai saukar ungulu. Da aka gama yaƙin basasa ya dawo da lambar yabo, ya durƙusa ya ajiye ta gabana. Ban yi murna ba. A sanina, soja ba ya samun lamba sai ya kashe rai, mai walƙiya irin wannan kuwa sai wanda ya kashe da yawa. Uwa ba ta zaman hira da ɗan fari, balle ta titsiye shi da tambaya. Shi ma kunya ta hana shi yabon kansa. Na jefa lambar cikin tsohuwar tukunya na kife. Shekara ba ta zagayo ba ciwon hanta ya ɗauke shi. Tun ranar, in ina masa addu'a gabana faɗuwa yake: da jinin mutum nawa zai tsaya gaban Ubangiji?

Rashin sani ya fi dare duhu. Da daminar bana na je Gusau ta'aziyya. A tasha wani ɗan kamasho mutumin Tsafe, ƙafarsa ɗaya ta katako, ya tambayi gidanmu. Da na faɗa, ya gane ni ce uwar matuƙin, sai ya zube ƙasa.

"Inna, ɗanki ko bindiga babu ga jirgi nai. Mu masu rauni yaka kwasa. Ana ruwan harsashi ya sauka gonar rogo ya ɗauke ni."

Na ce, "Kai, ji tsoron Allah. Ban son daɗin baki."

Ya ce, "Inna, mi zan samu? Kuɗin mota ma sai kin biya."

Na biya. Har Bungudu ina kuka, ban damu da masu kallo ba.

Da ɗana zai leƙo yau ya ga fam ta zama naira, motoci sun koma hannun dama, ba na jin zai girgiza. Abin da zai ba shi mamaki lambarsa, na goge ta da toka na rataye bisa gadona.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ya bar mai ƙafar katako yana ciyar da nasa iyalin. Yanzu in na ɗaga hannu, sunansa nake kira, a hankali, yadda Allah kaɗai zai ji.