Giyar Gayya a Cikin Tano

Damina ce mai yawan ruwa, irin wadda ciyawa ke rigan gero tashi. A shekarar ne maigidana ya dawo daga sojan Faransa da ciwo a ƙafar hagu, ba ya iya duƙawa noma. Gonarmu ta bakin tafki kuwa ciyawar harkiya ta shaƙe ta. Gayya kaɗai ta rage mana, kuma a gidajenmu na Azna, masu bin addinin gargajiya, a lokacin ba a kiran gayya sai da giya.

Dawar da ta saura a rumbu na kwashe kaf. Na jiƙa ta har ta tsira, na shanya, na niƙa, na kwana biyu ina dafawa ina tacewa. Ranar gayya da safe giya ta tashi a randa, kumfa fara fat a bakinta. Wannan kumfar ita muke kira kan giya. Babban gida ke kwashe ta da ludayi ya zuba wa kakanni a ƙasa, sannan kowa ya sha. In ba a yi ba, ba mai kai ƙwarya baki.

To maigida ya ɗauko wani abu daga Maraɗi bisa jaki, gangar katako da yake kira tano. A gindinta akwai ɗan famfon ƙarfe, robine, in an murɗa abin sha ya zubo. Ya ce haka ake sha a bariki, ba ƙuda, ba hannun kowa a ciki.

Na ce, "Maigida, kan giya fa?"

Ya ce, "Ke dai juye. Yau garin nan za su ga abin da ba su taɓa gani ba."

Tun da ya dawo ban ga haƙorinsa ba sai ranar. Na juye.

Ƴan gayya suka yi noma har rana ta take, suka ci rabin gona, suka taru a gindin tsamiya su sha su koma. Surukina, tsoho mai sanda, babban gidanmu, ya matso da ludayinsa. Ya zagaya tano, ya sami ɗan ramin da ke sama, ludayi ya ƙi shiga.

"Ina bakinta?"

"Baba, ta nan take fita." Maigida ya murɗa robine. Wani abu mai kauri ya ɗiɗɗigo, gutsurin dusar da ta kwanta, sai ya tsaya cak.

Taubashin maigida ya kwashe da dariya. "Soja, akuyar taka nono ya ƙafe! Ko a kawo mata dusa? A'a, ga ta nan ma tana kasayar da ita."

Kowa ya yi dariya ban da tsoho. Ya ce, "Gindi zan ba kakannina?"

Maigida ya ce a fasa saman tano a ɗiba. Tsoho ya girgiza kai. "Kan ya gauraye tun da aka juye. Me zan kwasa?" Sai ya dube ni. "Ɗiyata, shi ya daɗe a ƙasar wasu. Ke fa?"

Na durƙusa, idona a ƙasa. Ba a mayar wa suruki magana, ba a kuma tona miji a gaban mutane. Goyona yana ta kuka, ina jijjiga shi, shi ke nan abin da na iya.

Dattawa suka fara saɓa hauyoyinsu suna kama hanyar gida. Samari suka ɗan tsaya suna kallon tano suna haɗiyar miyau, daga baya su ma suka bi. Ba wanda ya zage mu. Wata tsohuwa ma ta ce min sannu da aiki.

Maigida ya zauna har la'asar yana zura tsinke cikin robine. Da ta buɗe, giyar ta yi ta tsiyaya cikin ƙasa, bai rufe ba. Ba sauran dawa da zan sake jiƙawa, ciyawa kuma ba ta jiran kaka.

Washegari da asuba na dama mishi kunu na rufe, na goya yaro, na ɗauki hauyarsa, wadda ƙotarta ta yi min tsawo. Na tafi gona, na nemi kuyyar da ƴan gayya suka tsaya, na duƙa daga nan.