Agarar Yaya Tanimu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Tanimu magini na Kwarbai. Har yau in na tuna shi, dariya ce ke riga hawaye zuwa.

A shekarun saba'in, in za a kwaɓa ƙasar gini a cikin birni, shi ake nema. Yakan naɗe wando ya faɗa cikin taɓo, yana tattakawa yana waƙa, leburorin ƙauye suna amshi. Ana nan sai agararsa ta dama, jijiyar nan ta bayan diddige, ta soma tsami. Da asuba sai ya dafa bango yake zuwa masallaci. Rana na ɗagawa ta saki, ya koma taɓo. A hankali wurin ya yi kauri, ya fitar da ƙulli kamar goro.

Duk gidanmu muka ce mataccen jini ne. Aka kira wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Yaya ya leƙa abin da ya fito, ya ce, "Sarkin aska, mai ran ka kwashe. Mataccen yana nan, yana gaishe ka."

A asibiti likita ya latsa wurin, ya ce babu abin tsotsewa. Zaren jijiyar ne ya riƙa yayyagewa, jiki yana ɗinkewa a hargitse, kamar tsohuwar igiyar guga mai ƙulle-ƙulle. Ta yi kauri, amma ƙarfinta ya ragu. In ya ci gaba da taka taɓo, wata rana tana iya tsinkewa.

Gida guda ke cin abinci da ƙafar nan. Daga asibiti muka dawo birni tare. A ƙofar zaurenmu ya tsaya, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Garba, ai hannu bai yi ƙulli ba. Ɗebo mini ƙasa."

A kan turmi ya zauna ya zana dagi a jikin bangon, ya kewaye shi da kekuna biyu, wai nawa da nasa, alhali ko ɗaya ba mu da shi. Kafin damina masu gida suna aiko masa ya yi musu zane, har daga Gyallesu da Tukur-Tukur. Ƙullin bai taɓa bajewa ba, amma tukunyar gidansa ba ta kwana a kife ba.

Yanzu bulo da siminti sun cinye unguwa. Na san da zai shafa bangon zamani ya ce an gina gida an manta ba a yi masa fuska ba. Da kuma zai yi murna ya ji cewa irin ciwonsa yanzu da motsa ƙafa a hankali ake lallashinsa.

Roƙona ga masu karatu, in agarar wani naku ta yi kauri, kada a kai mata aska, a kai ta asibiti. Zanensa kuwa, jikokinsa sun hana a shafe na zaurenmu da siminti. Duk bayan damina sukan kwaɓa ƙasa, su bi sawun yatsunsa da nasu. Allah Ya jiƙan Yaya.